Jiyokashin a kan keke cikin birnin Katsina: yadda za ka fara ba tare da an ɗauke ka mai binne asiri ba

Ajiyar farko da na ɓoye ko awa biyu ba ta yi ba aka kai ta gaban mai unguwa. 'Yar roba ce na nannaɗe da baƙin salatif na cusa a kogon wani bedi, ashe yara na laɓe suna kallona, ina juya keke suka zaro ta. Da la'asar sai ga aike wai ana nemana. Na tarar da dattawa sun yi da'ira, roba na tsakiya ba mai son taɓa ta, wani na cewa sammu ne wani na cewa a'a a kira 'yan sanda. Da ƙyar da rantse-rantse na buɗe na nuna masu fensir ne da ɗan littafi da maɓallai guda biyu. Mai unguwa ya daɗe yana kallona sannan ya ce "to kai yanzu ɗan nan, duk girmanka wasan ɓuya kake?" Na ce ranka ya daɗe kusan haka ne. Laifina ne ɗari bisa ɗari, kuma shi ya sa na ga gara in zayyana ma duk mai sha'awa yadda ake yi daki-daki, kar ya sha kunyar da na sha.

Shi jiyokashin (geocaching a Turance), mu da abokaina farautar ajiya muke ce mashi, wasa ne mai sauƙi. Wani zai ɓoye 'yar roba ko akwati da littafin sa hannu a ciki, ya ɗauki lambobin wurin da GPS (tsarin taurarin ɗan'adam da ke nuna inda mutum yake), ya saka a shafin Geocaching.com, kai kuma ka bi lambobin da wayarka har ka gano, ka rubuta sunanka da kwanan wata, ka maida yadda ka tarar. Ba kuɗi ake ci ba, ba zinare a ciki, daɗin kawai shi ne neman da kuma wuraren da zai kai ka waɗanda kullum kake wucewa ba ka taɓa tsayawa ba.

Asalinshi Amurka ne. Kafin shekarar 2000 gwamnatinsu da gangan take dagula siginar GPS ga farar hula, na'ura kan yi kuskuren da ya kai mita 100. A farkon watan Mayu na 2000 zamanin Bill Clinton aka cire wannan takunkumi, kuskuren ya sauko zuwa wajen mita 10. Ranar 3 ga Mayu wani mutum mai suna Dave Ulmer ya ajiye baƙin bokiti a daji kusa da Beavercreek a jihar Oregon, ya zuba littattafai da kaset na bidiyo da gwangwanin wake da ɗanko na harbin tsuntsu, ya wallafa lambobin a intanet ya ce duk wanda ya samu ya ɗauki abu ya bar abu. Cikin 'yan kwanaki aka gano shi. A watan Satumba na shekarar Jeremy Irish ya buɗe shafin da ake amfani da shi har yau, yanzu ajiyoyin sun haura miliyan 3 a ƙasashe sama da 190.

Can wajensu keke da wasan nan kamar Ɗanjuma ne da Ɗanjummai. Suna da tsofaffin layin dogo da aka cire ƙarfen aka maida su hanyar keke, kamar Katy Trail a jihar Missouri mai tsawon kusan kilomita 386, kana tafiya kana tsintar ajiya, in ka gaji ka tsaya a wani tsohon kantin ƙauye ka sha ruwa. Mu ba mu da irin wannan hanya, amma muna da ganuwa da ƙofofinta, muna da Hasumiyar Gobarau, muna da tsofaffin kantuna masu ƙofar katako da dogon benci a waje, irin wanda za ka samu kananzir da allura da sabulun solo da ƙusa duk a rumfa ɗaya. Ita kanta kalmar kanti daga shagunan kamfanonin Turawa irin su John Holt da UAC ta shigo bakinmu, lokacin da suke sayen gyaɗa da fata suna sayar da atamfa da gishiri. To irin wannan tsohon kanti nake so ka sa a ranka a matsayin inda tafiyar za ta ƙare.

Fara da waya

Duk wayar Android ko iPhone ta yanzu tana da GPS. Ka buɗe asusu kyauta a Geocaching.com, ka zaɓi sunan da za ka riƙa sa hannu da shi, gajere don takardar wani lokaci ba ta fi faɗin yatsa ba. Sai ka sauke manhaja. Akwai ta kamfanin mai suna Geocaching, amma tana rufe ma wanda bai biya ba wasu nau'o'in ajiya, akwai kuma c:geo a Android, kyauta ce gaba ɗaya kuma tana bari ka adana taswira da bayanan ajiya a waya tun daga gida. Wannan ita nake riƙewa, saboda mutane da yawa ba su san GPS ba ya cin data ba, kai tsaye wayar ke sauraron taurarin ɗan'adam da ke sama da mu wajen kilomita 20,000, in ta kama guda huɗu ta san inda kake. Taswirar ce kawai ke buƙatar data.

Yanzu ga gaskiyar da za ta ɗan sage maka gwiwa: in ka buɗe taswirar Najeriya ajiyoyin kaɗan ne ƙwarai, Arewa kau sai ka yi ta jan taswira ba ka ga ko ɗaya ba. Don haka kar ka zauna jiran wani, ku haɗu ku uku ko huɗu, wannan ya ɓoye wancan ya nema, ku yi ta gwaji tsakaninku da lambobi a WhatsApp kafin ku kai ga wallafawa. Su kansu masu shafin shawarar da suke bayarwa ita ce mutum ya gano kamar guda 20 kafin ya ɓoye tashi, ba dole ba ne, amma akwai hikima, sai ka nema za ka san abin da ke ba mai nema haushi.

Sai karatun lambobi. Wasan na amfani da digiri da minti, Katsina tana wajen N 12° 59 da E 007° 36, Daura kuma wajen N 13° 02 da E 008° 19, bayan minti sai ɗigo da lambobi uku. Waɗannan ukun na ƙarshe su ne komai, ɗaya tak a lambar ƙarshe ya kai kusan mita 2 a ƙasa, in ka yi kuskure a lambar farko bayan ɗigo kuwa ka aika mutum kusan mita 185 nesa, wato gidan wasu. Google Maps kuma da digiri mai ɗigo yake nuna nashi, kar ka kwafo daga can ka liƙa haka nan ba ka juya ba.

Keke

Ba sai mai giya ba. Tsohon Raleigh na gado ma ya isa in birki na kamawa. Abin da ke kayar da mutum a ƙasar nan ƙaya ce da rairayi. Tsidau kaɗai ya isa ya maida kai mai tura keke, balle ƙayar aduwa ko bagaruwa, don haka ka ɗaure famfo a jiki, ka riƙe faci da sholisho da tub guda na ko-ta-kwana da sifana, in ba ka iya faci ba ka zauna wajen mai faci sau ɗaya ka kalla, minti goma ne. Inda hanya ta yi yashi ka ɗan rage iska kaɗan, in ya yi zurfi ka sauka, ba gasa ake ba. Ruwa aƙalla lita ɗaya da rabi, fawa bank, fensir, da 'yar sanda gajera, zan faɗi amfaninta. Lokaci mafi daɗi hunturu ne, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, ka fita bayan asuba in gari ya waye. A watan Afrilu zafi na haura digiri 40, wayar ma da kanta za ta ce ta yi zafi ta rage haske, kai ma ka koma gida kafin ƙarfe goma.

Kuma don Allah kar ka riƙa kallon allo kana tuƙi cikin 'yan Napep da mashina. Ka duba, ka sa a aljihu, ka tuƙa, ka tsaya ka sake dubawa.

Yadda ake nema

Kowace ajiya na da shafi, ka karanta shi tun kafin ka hau keke. Za ka ga taurari iri biyu daga 1 zuwa 5, ɗaya na wahalar ganowa ɗaya na wahalar hanya, sai girman robar, daga ƙarama kamar kan yatsa har zuwa bokiti, sai ɗan haske da mai ajiyar ya bayar, sai bayanan waɗanda suka riga ka zuwa. In ka ga mutum uku a jere sun ce ba su samu ba, wataƙila an ɗauke.

In waya ta nuna saura mita 20 ka sauka ka jingine keke ka kulle, ka matsa daga gare shi don ƙarfen keke na rikita kamfas ɗin waya, in kibiyar na ta rawa ka juya wayar a iska kamar kana rubuta lamba 8 sau biyu uku. In ka kai saura mita 5 to aikin waya ya ƙare, ko a fili tana kuskuren 'yan mitoci, a lungu mai dogayen katanga ko ƙarƙashin bishiya mai duhu abin ya fi haka, ga kuskuren wayar wanda ya ɓoye ma a kai. Nan ido zai karɓa. Ka tambayi kanka da ni ne ina zan sa? Dutsen da bai yi kama da 'yan uwanshi ba, tarin itace da aka jera da kyau fiye da kima, bayan allon ƙarfe inda maganaɗisu zai kama. Ba a tono, doka ce, ba a binne ajiya a wasan nan, in ka ga kanka kana neman fartanya ka ɓata.

Sandar nan da na ce: kar ka kuskura ka zura hannu a rami ko kogon bishiya ba ka fara zungura ba. Kunama na son irin wurin da mai ɓoyo ke so, a bayan gari kuma akwai kububuwa, ita ba ta wasa.

In ka samu ka ɗan matsa gefe ka buɗe, ka rubuta suna da kwanan wata, in za ka ɗauki wani abu ka bar wanda ya kai shi ko ya fi shi, ka rufe da kyau ka maida daidai inda yake, ba inda kai kake ganin ya fi ba. Sai ka shiga manhaja ka rubuta ka samu. Turawa kan rubuta TFTC kawai, godiya ce a taƙaice, ni dai ina ganin rowa ce, mutum ya sha wahala ya ɓoye, ka ba shi layi biyu mana. In ba ka samu ba shi ma ka rubuta, ba abin kunya ba ne, da shi mai ajiya ke gane akwai matsala.

Ɓoye taka, nan ne aikin yake

A ƙasashen da wasan ya samo asali ana ɓoyewa ne daga idon waɗanda ba su san shi ba, har suna suka sa masu, magul. Mu a nan in ka bi wannan sak ka shiga uku. Mutumin da ya sha jin labarin bam da masu kai ma ɓarayin daji rahoto, ya ga baƙo na zagaye bishiya da waya a hannu yana leƙe-leƙe, mi kake so ya ɗauka? Don haka a Katsina masu wasa kaɗai ake ɓoye ma ajiya, masu wuri kau sai sun fi kowa sanin inda take.

Ga yadda na yi a karo na biyu. Akwai wani tsohon kanti da nake tsayawa shan ruwa, mai shi dattijo ne da ya gada daga mahaifinshi, har yanzu da tsohon sikeli mai duwatsun awo a kan kanta. Ban kawo maganar ranar farko ba. Sai da na yi zuwa uku, muka saba, sannan na fito da robar a buɗe na ajiye a gabanshi na ce Baba wata alfarma nake nema, na nuna mashi littafin, na nuna mashi taswira a waya. Ya ce "to ni miye nawa a ciki?" Na ce Baba ba komai sai baƙi da za su zo su gaishe ka. Ya yi dariya ya ce in dai ba abin da zai jawo mashi hukuma ba ne in sa. Daga nan shi da kanshi ya haɗa ni da yaronshi muka je wajen mai unguwa, muka kuma shaida ma 'yan sintirin layin. Kwana biyu aka ɓata a gaishe-gaishe, amma yanzu ajiyar tana da masu gadi kyauta.

Sai dai a kula da wata doka ta shafin: ba a yarda ajiya ta zama talla ba. Ba za ka sa ta cikin kanti ba, ba za ka ce sai an sayi wani abu ko sai an tambayi mai kanti ba, kuma kar ka cika shafin da yabon shagon. A waje za ta kasance inda mutum zai iya kai hannu ko kanti na rufe. Sayen ruwa ko alawa kuwa wannan tsakaninka ne da kunyarka, ni ban taɓa zama a bencin mutum in tashi hannu rabbana ba.

Roba: ka nemi mai haske wadda ake ganin cikinta, mai murfin murɗawa, ka rubuta a jiki da Hausa da Turanci cewa wasa ne ba abin cutarwa ba ne, a taimaka a bar shi. Ban da baƙin salatif, ban da guntun bututu, ban da wayar lantarki ko batir a ciki. A Amurka suna son tsohon akwatin harsashi don ba ya shan ruwa, kai ko a mafarki kar ka gwada. Robar da aka taɓa zuba abinci ko madara a ciki tururuwa da ɓera za su bi ƙamshin ko ka wanke, haka alawa ko dabino, ba a sa abin ci. Littafin ka sa shi a leda mai zif saboda damina, ka sa fensir maimakon biro don zafi na busar da tawada. Ka nema mata inuwa, ranar Katsina na cinye roba ta koma kamar ƙwai cikin 'yan watanni, kuma ka ɗaga ta daga ƙasa saboda gara da ruwan Agusta.

Wuraren da ba a sawa: kusa da makaranta, barikin soja ko ofishin 'yan sanda, filin jirgi, ƙarƙashin gada. Ni na ƙara da masallaci, maƙabarta, da bakin ƙofar gidan matan aure. Kuma kar ka ƙwaƙule ganuwa ko wani tsohon gini don ka samu rami, abin da ya rage mana na ganuwar ma kaɗan ne. Tsakanin ajiya da ajiya dole a samu mita 161 aƙalla.

Ɗaukar lambobi kuma kar ka yi gaggawa. Ka tsaya a wurin minti biyu wayar ta natsu, ka rubuta, ka tafi mita 30 ka dawo ka sake, kamar sau biyar, in da hali ka dawo wata rana ka ƙara, sai ka ɗauki tsakatsaki. Ka ba abokinka ya gwada da tashi wayar ba tare da ka nuna mashi ba.

Haɗa hanyar keken

Tunda ba za ka sa roba a jikin kayan tarihi ba, akwai nau'in ajiya mai zango-zango da ya dace da birnin nan kamar don shi aka yi. A kowane zango mai nema zai ƙirga ko ya karanta wani abu da ke wurin ya samu lamba, lambobin su haɗu su ba shi inda robar take. Zangon da ba a ajiye komai ba dokar mita 161 ba ta hau kanshi. Misali ka fara daga Hasumiyar Gobarau, ginin ƙasa mai tsawon kusan mita 15 da ake dangantawa da zamanin Sarki Muhammadu Korau, ka sa a ƙirga wani abu da ido ke gani daga waje, wannan shi ne A. Zango na biyu Ƙofar Soro, B. Na uku tsohuwar Kwalejin Katsina inda su Sardauna da Tafawa Ɓalewa suka yi karatu, C. Sai ka rubuta cewa robar tana N 12° 59.ABC, ka yi ma ɓangaren gabas irin haka da wasu ƙofofin, ko Ƙofar Sauri ko Ƙofar Durɓi ko Ƙofar Marusa, duk wadda ta fi dacewa da inda kantinka yake. In lambar da aka ƙirga ba ta zo daidai da wadda kake buƙata ba sai ka ce a ƙara kaza ko a rage kaza.

Kar ka yi tambayar da za a amsa daga kan katifa. In ka ce wace shekara aka buɗe kwalejin, wani zai ce 1921 wani 1922, kowa da hujjarshi, kuma ba wanda ya taka feda. Abin ƙirgawa ya zama wanda ba ya canzawa, ba kujeru ko tutoci ba. A bakin fada kuma ka gaida dogarai ka faɗi abin da ya kawo ka kafin ka tsaya ɗaga waya.

Mutanen Daura ku naku ma ya fi sauƙi, Rijiyar Kusugu zango ɗaya, ƙofar fada zango biyu, ku ƙare a wani tsohon shago. Amma shawarata a tsaya cikin gari da gefenshi inda jama'a ke kai-da-kawo. Hanyoyin yamma wajen Jibiya da Batsari da Safana kowa ya san halin da ake ciki, ba roba da ta kai ran mutum. Ku fita ku biyu ko uku, a gida a san inda kuka nufa, ku riƙe katin shaida.

In komai ya kammala sai ka cike fom a shafin, ka rubuta bayani da Hausa ka ƙara da Turanci ko da gajere ne saboda baƙi, ka sa a ciki cewa mai wurin da mai unguwa sun sani, wanda ya zo ya yi sallama kafin ya fara dube-dube. Wani ɗan sa-kai mai tantancewa zai duba, a akwatin saƙon da ke tsakaninku ka gaya mashi ainihin inda robar take da wanda ya ba ka izini, in ya ga gyara zai dawo maka da ita, in babu ya wallafa. Ana so ajiya ta zauna aƙalla wata uku, kuma kula da ita a wuyanka yake, don haka kar ka sa a garin da sai da sallah kake zuwa.

Ni duk sati biyu nake leƙa tawa, bayan kowane babban ruwa kuma washegari. Zuwan da na yi na ƙarshe na tarar fensirin ya ɓace an bar guntun alli a madadinshi, a shafi na uku kuma wani ya rubuta da ajami. Na kai ma Baba ya karanta man, ya gyara tabarau ya ce ai shi ne, ya ga kowa na sa hannu a ƙofar kantinshi ban da mai kanti.